Inda za a kai yara yawon Sallah: yadda wata Islamiyya a Agege ta zaɓi wurin shan iska

A cikin azumin 2025 kwamitin iyaye na wata makarantar Islamiyya da ke Zangon Agege ya yanke shawarar fitar da ɗalibai yawon Sallah. Kuɗi ba su ba da wahala ba: wani Alhaji mai harkar shanu a mayankar Oko-Oba ya ɗauki nauyin motoci, iyaye suka yi karo-karo don abinci. Rana ma ba a ja ta ba, aka ce kwana biyu bayan Idi, ta kuwa faɗo Talata 1 ga Afrilu, ranar hutu ta biyu da gwamnatin tarayya ta bayar. Abin da aka yi ta zama a kansa, har ya kusa raba kan kwamitin, shi ne wurin da za a je. Ni ne magatakardan kwamitin, abin da zan kawo daga littafin zamanmu ne da abin da idona ya gani. Na sakaya sunan makarantar da na mutanen da na lambun da aka ƙare a cikinsa, domin yadda aka kai ga zaɓin ne nake so a duba.

Sai an san Agege kafin a gane dalilin da ya sa fita ta yini ɗaya ta zama babbar magana. Hausawa sun daɗe a nan, tun zamanin da goro da shanu suke bin layin dogon da ya haɗa Ikko da Kano a 1912, kuma unguwa ta cika ta batse tun kafin a haifi iyayen yaran nan. Yawancin ɗalibanmu a gidajen haya suke, ɗakuna a jere ƙofa na kallon ƙofa, tsakar gidan ba ta wuce wurin girki da shanya ba. Yaro in zai yi gudu a kan titi zai yi shi, tsakanin kwata da keke. Da can akwai ɗan sarari a gefen layin dogo inda ake taɓa ƙwallo da yamma, duk da haɗarinsa. Aikin sabon layin Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021, da jirgin ƙasan cikin gari na Red Line da ya fara jigila a 2024, sun tafi da wannan. Gadar Pen Cinema ta 2021 ta rage cunkoso, amma ƙarƙashinta na motoci ne da masu talla. Filin wasa na Agege yana nan, sai dai na ƙungiyoyin ƙwallo ne da manyan taruka, uwa ba za ta shimfiɗa tabarma a can ta saki ɗan shekara huɗu ba. A Kano yaro ya san in Sallah ta zo akwai hawa, akwai gidan zu. Namu yaran yawon Sallarsu shi ne su sa sababbin kaya su bi gidajen 'yan'uwa, su dawo kafin la'asar ƙafa duk ruwan kwata.

Shawarwari uku

Alhajin da ya ba da motoci shi ya fara magana, kuma bakin teku ya ce. "Allah ya gafarta Malam, yaro an haife shi a Ikko, ya shekara goma bai taɓa ganin teku ba. Wannan ai da kunya a gare mu." Maganarsa gaskiya ce, kuma ta ratsa mutane. Shi ya taso lokacin da Bar Beach take nan a Victoria Island, ranar Sallah a cika mota a tafi, a hau doki, a sha iska a dawo, ba wanda ya tare ka. Wannan bakin ruwan babu shi yanzu, cikon yashin da aka fara wajen 2008 don gina sabon birnin Eko Atlantic ya haɗiye shi. Abin da ya rage kusa da gari, mafi yawansa yana hannun 'yan kasuwa, da katanga da kuɗin shiga, kuma ko shi ɗin raguwa yake yi: a 2024 an rushe wani ɓangare na Landmark Beach don hanyar gaɓar teku ta Legas zuwa Kalaba. Alhaji ya san duk wannan, amma tekun da yake gani a ransa na wancan zamanin ne.

Matashin malamin da ke ɗora wa yara karatun boko ya kawo Lekki Conservation Centre, gandun dajin da gidauniyar kare muhalli ta Najeriya ta kafa a 1990 a kan kadada 78. Ya nuna hotuna a waya: birai, ɗawisu, kunkuru, da gadar igiya mai tsawon mita 401 da ke ratsa saman bishiyoyi. Hujjarsa ita ce yara su dawo da ilimi a kansu, su ga yadda ƙasar Legas take kafin siminti ya rufe ta.

Shawara ta uku daga wani uba mai tuƙa Keke Napep ta fito, a hankali ya faɗe ta. Ya ce yana wucewa ta Alausa yana ganin lambuna masu ciyawa da lilo, ga su nan kusa. Wani ya ce wannan ai ba yawo ba ne, daga Agege zuwa Ikeja ko mai tallan burodi yana yi da ƙafa. Aka ɗaga hannu, teku ya yi rinjaye da nisa. Duk masu ɗaga hannun maza ne, domin a lokacin babu mace ko ɗaya a kwamitin.

Aka raba wa yara takardun izini su kai gida. Ko rabi ba su dawo ba, waɗanda suka dawo ɗin ma kusan duk na manyan yara maza ne.

Tambayoyin Hajiya

Malamar ajin mata ce ta kawo mana dalili. Iyaye mata ba su ce a fasa ba, sun dai riƙe 'ya'yansu, su ma sun ce ba inda za su. A zama na gaba Malam ya aika aka kira Hajiyar da ke jan ragamar karatun matan aure, dattijuwa ce da ta yi jikoki a unguwar. Ta zauna daga bakin ƙofar ofis ita da malamar, ta gaishe da kowa, sannan ta ce:

"Allah ya gafarta Malam, mu fa ba mu ƙi teku ba. A dai gaya mana, in Azahar ta yi a ina za mu yi alwala, a ina za mu ta da Sallah? In yarinya ta ce za ta kewaya ina zan kai ta, kuma akwai ruwa? Mai goyo a ina za ta zauna ta ba da nono? In yaro ya sulale daga hannuna, ina iyakar inda zai iya kaiwa?"

Alhaji ya ce, "Hajiya, ai duk wannan za a samu."

"Alhaji, ka gani ne ko an gaya maka?"

Ya ce rabonsa da wajen an jima. Malam ya ce to gani ya kori ji, a tashi mutane su dubo wuraren nan uku, kuma Hajiya da malama su shiga cikin masu zuwa.

Duk tambayoyin nan huɗu babu ɗaya da ta shafi abin da yara za su kalla. Mu maza mun ɓata zama guda muna auna wurare da abin kallo: ina ya fi girma, ina ya fi suna, ina yaro zai fi ba da labarinsa. Matan sun auna su da zama, wato ko mutum zai iya yin awa biyar ko shida a wurin da ƙananan yara, da hijabi, da goyo, ba tare da ya rasa Sallah ko ya shiga kunya ba. Kowane ma'auni yana da gaskiyarsa. Sai dai na biyun shi yake yanke ko za a je ko ba za a je ba, tunda ɗan shekara biyar ba ya fita sai uwarsa ta yarda, budurwa kuwa ba ta fita sai da wadda za ta tsaya a kanta.

Abin da masu dubawa suka tarar

Ina cikin waɗanda suka je, ni da matashin malamin da matan biyu. Hanya ce ta fara ba mu amsa tun kafin mu ga ruwa. Daga Agege zuwa Lekki sai ka ratsa Ikeja da Ojota, ka hau gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8, ka gangara tsibiri, sannan ka kama titin Lekki zuwa Epe. Tafiyar kilomita 40 ce ko fiye. Muna tsakiyar gadar Hajiya ta leƙa taga ta ce, "To a nan in yaro ya ce fitsari, ya ake yi?" Babu wanda ya amsa, domin kan gadar ba wurin tsayawa ba ne. Direban ya ƙara mana da cewa ranar hutu kowa lokaci ɗaya yake baro bakin ruwa, don haka mu sa a ranmu Magariba a mota za ta same mu. Ga kuɗin shata. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 a lokacin tafiyarmu ta haura 800, kuma direbobin bas da nisa suke yin lissafi. Alhaji ya ce zai biya, ba a yi shakkar hakan ba, amma abin da za a kashe a zuwa Lekki sau ɗaya zai kai yaran Ikeja ya dawo da su ba sau ɗaya ba.

Bakin ruwan da muka shiga na 'yan kasuwa ne, a tsaftace yake, iskarsa kuwa ko mai azumi sai ya ji sanyi a ransa. Malamar da ba ta taɓa ganin teku ba ta tsaya tana ta tasbihi. Ban manta da wannan ba, shi ya sa har yau nake ganin Alhaji yana da hujja. Amma da aka fara bin tambayoyin Hajiya ɗaya bayan ɗaya sai lissafin ya canza. Kuɗin shiga kai-da-kai ne. Inuwa ta haya ce, rumfa da kujera kowace da farashinta, bishiyoyin kwakwar da ke wurin kuwa inuwarsu ba ta rufe mutum biyu. Abincin da ka zo da shi daga gida sai ka biya kafin a bar ka ka shigar da shi, mu kuma kulolin shinkafa da soyayyen naman Sallah muka yi niyyar ɗauka. Banɗaki yana can nesa da inda za a zauna. Kiɗa yana tashi daga manyan lasifikoki, ana sayar da giya a fili, shigar masu wanka irin ta bakin ruwa ce. Masu wurin ba su yi laifi ba, don irin baƙinsu suka tsara shi. Hajiya dai ta duba gabas da yamma ba ta ga kusurwar da mata ashirin za su yi sahu ba.

Sai shi kansa ruwan. Tekun Atilantika a gaɓar Legas ba tafki ba ne, igiyarsa tana da ƙarfi kuma tana ja ta ƙasa. Mutanen unguwa ba su manta da Agustan 2012 ba, dab da ƙaramar Sallah, lokacin da teku ya yi toroƙo a bakin ruwan Kuramo ya tafi da mutane. A cikin matan da za su yi rakiya babu wadda ta iya iyo. Tambayar Hajiya ta huɗu, ina iyakar inda yaro zai iya kaiwa, a bakin teku amsarta ita ce cikin ruwa. Wannan kaɗai ya isa, ko da sauran duk sun yi daidai.

Gandun Lekki ya burge kowa, har Hajiya. Inuwa ko'ina, shiru, hanyar katako tana ratsa fadama, a can ciki kuma akwai fili da rumfuna na iyali. Abin da ya fitar da shi daga lissafi ba aibi ba ne, rashin dacewa ne da shekarun yaranmu. Kafin a kai filin sai an yi tafiya mai ɗan tsawo a kan hanyar katako mara faɗi, mai goyo tana jan wani a hannu za ta ji jiki. Gadar igiyar da aka yi ta kwaɗaita wa yara ba a barin ƙanana su hau. Biran wurin sun saba da mutane, suna iya warce abin da yaro ya riƙe. Ga kuɗin shiga, ga nisan nan da muka riga muka ɗanɗana. Malamar ta ce wannan wurin 'yan aji biyar da shida ne, aka rubuta haka.

Lambunan Ikeja muka bari a ƙarshe, kuma a gaskiya ba da wani ɗoki muka je ba. Gwamnatin jiha ta kafa hukumar kula da lambuna, LASPARK, a 2011 zamanin Gwamna Babatunde Fashola, ita ke riƙe da su. A Alausa akwai lambun Ndubuisi Kanu, mai ɗauke da sunan tsohon gwamnan soja na jihar, akwai lambun Johnson Jakande Tinubu, mai ɗauke da sunayen tsofaffin gwamnoni uku, da Gwamna Akinwunmi Ambode ya buɗe a 2017, a Oregun kuma akwai na Abayomi Finnih. Duk ba su kai kilomita 10 daga makarantarmu ba.

A wanda aka zaɓa daga ƙarshe, abin da Hajiya ta yi ya fi duk wata takardar tambayoyi da zan iya tsarawa. Ba ta kalli furanni ba. Ta taka har tsakiyar ciyawar ta tsaya, ta juya a hankali har ta dawo inda ta fara, tana duba ko idonta yana kaiwa shinge ta kowane gefe. Ta tambayi mai gadi ƙofa nawa ake buɗewa. Ta shiga banɗakin mata ta murɗa famfo, ta sa hannu a ƙarƙashinsa ta jira. Ta fito ta dafa wani bencin siminti da ke cikin rana ta ɗauke hannu da sauri, sannan ta nufi inda bishiyoyi suka haɗa kai ta ƙirga da taku ko tabarma nawa za ta shiga. Daga nan ta sa matashin malamin ya tambaya mata da Turanci ko an yarda a shigo da abinci, ko an yarda a shimfiɗa tabarma, ko akwai mai hana Sallah a kan ciyawa. Da aka ce babu, kuma muka tuna mata akwai masallaci a sakatariyar Alausa in maza suna son jam'i, sai ta ce, "Malam, rubuta nan."

Wani uba ya ta da maganar mutum-mutumin da ake kafawa a irin waɗannan wurare, kamar na gwamnonin nan uku da ke lambun Johnson Jakande Tinubu. Malam ya ce a kauce wa fuskantarsu a Sallah, shi ke nan. Aka sake raba takardun izini da sunan sabon wuri, kusan duk suka dawo, har da na 'yan mata, iyaye mata kuma suka rubuta sunayensu a masu rakiya fiye da yadda motoci za su ɗauka.

Ranar fita

Ƙarshen Maris da farkon Afrilu a Legas zafi ne mai gumi, kafin ruwa ya kankama. Wannan ya sa inuwa ta zama ita ce mai raba wa mutane wurin zama. Bencinan da aka jera a fili a gefen hanyar tafiya, waɗanda suka fi kyau a hoto, ba wanda ya zauna a kansu tun hantsi har bayan la'asar. Mata suka tattaru a ƙarƙashin bishiyoyin nan da Hajiya ta auna, kuma in inuwa ta matsa sai a ja tabarma a bi ta. Daga nan suna hangen lilo, suna hangen ƙofa. Malami ɗaya aka ajiye a ƙofar da jerin sunaye, kuma tunda ita kaɗai ce mafita, iyaye suka saki yara. Na ga wata uwa da na sani ba ta barin ɗanta ya wuce bakin zaure, ta miƙe ƙafa tana ɓare gyaɗa tana hira, yaron yana can yana birgima a ciyawa da sabuwar shaddarsa, ba ta ko ɗaga murya ba.

Da Azahar ta yi aka fito da butocin da aka zo da su, aka cika a famfo, aka yi layi. Layin ya yi tsawo, domin wurin ba a gina shi da tunanin mutane da yawa za su buƙaci ruwa a lokaci ɗaya ba, amma ruwan bai ɗauke ba. Maza suka yi sahu a gefe ɗaya, mata a bayan bishiyoyi. Wasu iyalai Yarbawa da ke kusa suka ari butoci suka bi jam'in. Akwai wani ɗalibinmu da shan-inna ta taɓa wa ƙafa, da sanduna yake tafiya. Hanyar da aka shimfiɗa da bulo ta kai shi har bakin lilo da kansa. Da bakin teku aka je, a yashi, ɗaukarsa za a yi ko a bar shi a gida, kuma babu wanda ya ambaci wannan a duk zaman da muka yi.

Inda zaɓin ya gaza shi ne wajen samari. 'Yan shekara goma sha uku zuwa sha bakwai sun zo da ƙwallo, aka ce ba a buga ta a kan wannan ciyawar, kuma dokar tana da ma'ana tunda ga jarirai a kwance a tabarma. Lilo ya yi musu ƙanƙanta. Suka zagaya, suka ɗauki hotuna, kafin Azahar sun gama da wurin. Bayan cin abinci wasunsu suka fara roƙon a bar su su leƙa kantin Ikeja City Mall, aka hana, suka koma jikin shinge suna danna waya. Ɗayansu ya ce da ni, "Malam, da an ce nan ne da ban zo ba." Abin da ya sa uwa ta samu natsuwa, wato ƙaramin wuri killatacce da ido ke kaiwa ko'ina, shi ne ya ƙuntata wa saurayi. Ba na jin akwai wuri ɗaya a kusa da mu da zai gamsar da su duka, kuma kuskure ne a ɗauka samarin rashin godiya suka yi. Su ne fa suka fi kowa rasa filin gudu a Agege.

Dattawa maza ma ba su daɗe ba. Ba su saba zama a tabarma kusa da mata ba, bencin da ke inuwa kaɗan ne, da aka idar da Sallah yawancinsu suka yi sallama. Alhaji ya tsaya har ƙarshe, ya raba wa yara alewa, ya ce shi har yanzu yana bin su bashin teku. An dawo Agege da sauran rana, kowa ya yi Magariba a masallacin unguwarsu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai bayan an dawo shi ne wannan: lambun nan shekara da shekaru yana nan, bai kai tafiyar rabin awa ba in hanya ta yi kyau, amma a cikin matan da suka je babu wadda ta taɓa shigarsa. Na bi na tambaya. Wasu ba su san da shi ba. Wasu sun sha ganinsa ta tagar motar haya ta danfo, amma ganin shinge da mai gadi, ga ofisoshin gwamnati da 'yan sanda a kewaye, sai suka ɗauka na manya ne ko sai da takarda. Wato shingen da Hajiya ta yaba da shi daga ciki, shi ne yake korar irinta daga waje. Babu allo da Hausa ko da hoto da zai nuna wa mai wucewa cewa kowa yana iya shiga da iyalinsa. Akwai kuma maganar abin hawa. Iyaye maza da yawa a unguwarmu da babur suke neman abinci, kuma tun Yunin 2022 aka hana okada a ƙaramar hukumar Ikeja da wasu guda biyar. Uban da zai iya ɗora 'ya'yansa biyu ya kai su da yamma ba zai yi kasadar a ƙwace masa babur ba. Kusa a taswira ba lallai ya zama kusa ga mai shi ba.

Masu tsara irin waɗannan wurare da waɗanda suka shigo suke yin lissafi, su suke gani, su suke tambaya. Matar da ta zauna a gida don ba ta da tabbacin samun ruwan alwala ba ta cikin kowane lissafi. Abubuwan da suka fito da ita kuwa su ne mafi araha a duk aikin lambu: famfo mai ruwa, banɗakin mata da ƙofarsa ke rufuwa, bishiya mai faɗin inuwa a maimakon dogayen itatuwan ado, izinin shigowa da tukunyar gida. Maɓuɓɓugar ruwa mai fitilu da manyan gumaka sun fi cin kuɗi nesa ba kusa ba, ban kuwa ji wanda ya ambace su a cikin dalilansa ba, sai wanda ya ambace su don ƙorafi. A gari irin Legas, inda Musulmi suke da yawa a cikin Yarbawa da Hausawa duka, jerin famfo huɗu ko biyar a ƙasa-ƙasa da ɗan dakali a gefen lambu ba alfarma ba ce. Zai kuma hana a riƙa jiƙa ƙasan banɗaki da ruwan wanke ƙafa, wanda masu shara suke kuka da shi.

Bayan Sallah kwamitin ya yi gyara biyu. An ba mata kujeru biyu, Hajiya da malama, da sharaɗin ba za a tsayar da wurin fita ba sai sun gani. An kuma raba fitar gida biyu: ƙanana da iyayensu mata su koma lambun, manyan yara su tafi gandun Lekki da malamai maza da malama, Alhaji ya ce motar tana wuyansa. Mai keken nan da ya fara kawo shawarar ya ce yanzu wasu mata sukan haɗa kuɗi ranar Lahadi a kai su har inda keke ke iya tsayawa, su ƙarasa da ƙafa.

Da babbar Sallah ta matso, wadda ta faɗo 6 ga Yuni, aka ɗauka maganar wuri ta riga ta ƙare. Sai Hajiya ta tambaya in ruwa ya sauko ina za a fake. Yuni ne watan da ruwa ya fi yawa a Legas, bishiyar da ta tare rana ba ta tare ruwan sama, rumfunan lambun kuma ba za su ɗauki yaranmu da iyayensu ba, ciyawar ma in ta sha ruwa ba a shimfiɗa tabarma a kanta. Hanyar katakon Lekki kuwa matashin malamin da kansa ya ce ba zai bi ta da yara tana jiƙe ba. Aka ɗage fitar duka biyu zuwa watan Agusta, lokacin da ruwa kan ɗan tsagaita kuma makarantun boko suna hutu.